Humrar Innata a Cikin Bututu

Innata ta rasu ta bar kwalbar humra, turaren da take haɗawa da hannunta, ba ta kuma gaya wa kowa sirrin haɗin ba. Ina 'yar budurwa a lokacin, muna zaune a Tudun Wada, shekaru kaɗan kafin a samu 'yancin kai. Kullum sai na buɗe na shinshina, kullum kuma sai ta ragu, har ya zama saura ɗan ɗigo a gindin kwalba. Tsoro ya kama ni ƙwarai: in ya ƙare, ƙamshinta ya tafi ke nan.

Baba kuwa, tun da aka yi sadakar arba'in bai sake ambatonta ba. Haushinsa nake ji, wallahi.

Maƙwabcinmu mutumin Gabas ne, yana koyar da kimiyya a kwaleji, kowa Ticha yake ce masa. Surutu gare shi, ga son gwaje-gwaje. Da na kai masa kukana, sai ya ce Turawa sun ƙirƙiro wata dabara: a hura tururin abu cikin dogon bututu, kayan haɗinsa su fito ɗaya bayan ɗaya. Wai sifirit da ke cikin turare dangi gare shi masu yawa, marasa nauyi su riga fita, masu nauyi su biyo baya, har ƙamshin sandal ɗan gidansu ne.

"Ba mu da injin," in ji shi, "amma ai kina da hanci. Sai dai fa ɗigon nan zai tafi duka."

Na yi ta juyayi, daga baya na yarda.

Ya zo da bututun gilashi cike da garin jan bulo, ya kwantar da shi cikin ruwan zafi a zaurenmu, ya ɗiga humrar, ya shiga hurawa a hankali da famfon keke. Na rufe ido na kai hanci. Sifirit ya fara isowa, mai yaji, irin warin asibiti. Can sai ɓawon lemo. Can kuma kanumfari, a tsanake, kamar baƙi suna shigowa gidan biki. Na ji kamar ina shawagi, ina ta jiran ƙamshin Innata.

Daga nan shiru. Ticha ya hura har ya yi gumi, ba abin da ya ƙara fitowa.

"Ka cinye mini uwa a garin bulo!" Haka na daka masa tsawa, ko kunya babu. Bawan Allah ya tattara famfonsa ya fice sumui-sumui. Na jefa bututun kan katanga na manta da shi.

Bayan 'yan kwanaki aka yi wata rana mai ƙuna. Ina tankaɗe a tsakar gida da azahar, sai iska ta kaɗo wani ƙamshi mai nauyi, mai ɗumi, na wuyan rigar Innata. Ashe masu nauyin suna maƙale a garin bulon, rana ce ta taso su. Na kasa motsi, rariya a hannuna.

Sai ga Baba ya fito daga ɗaki ba hula, barci bai gama sakinsa ba, yana dube-dube a tsakar gida.

"Ke ce?" ya ce a hankali. "Kin dawo?"

Ba ni yake tambaya ba. Muka tsaya mu biyu cikin rana, har iska ta ɗauke sauran.