Baƙin Garin da Kawu Ya Dama

Shekara biyu na yi a ɗakin gwaji na jami'a ina ƙona totuwar masara, irin wadda muke zubarwa a garinmu Ƙarfi, don in fitar da girafin. Duk abin da na samu bai cika kwalbar man shafawa ba, wani baƙin gari mai laushi. Da shi zan kammala digirina na biyu, kuma ba ni da wani.

Girafin ɗan'uwan gawayi ne, amma shimfiɗaɗɗe, kaurinsa ƙwayar zarra ɗaya, tsarinsa kamar saƙar zuma. In ka shafa shi a faranti biyu, ka tsoma su cikin ruwan gishiri, ka ba su wutar lantarki, sai ƙwayoyin gishirin su rabu. Kowace ta nufi farantin da cajinsa ya saɓa da nata, su jeru a fuskarsa kamar masu shan hantsi a jikin katanga. Ba abin da ke canzawa kamar a batir, jeruwa ce kawai, shi ya sa na'urar adana wuta da ake yi da shi ke cika nan da nan. In ramin da ke tsakanin shimfiɗun girafin ya yi ƙunci, ƙwayar har tuɓe ruwan da ya lulluɓe ta take yi ta shige. Duk sirrin fili ne. In shimfiɗun suka manne wa juna, wurin tsayawa ya ƙare.

Saura wata guda in yi awon ƙarshe aka kira ni: Baba ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye. Na taho da kwalbar a jaka, wai ni mai wayo, kada wani ya taɓa min.

Wata Laraba na je Malumfashi karɓo magani. Da na dawo na tarar da Kawu, yayan Inna, a zaure da allo yana yi wa Baba rubutun sha.

"Ɗan nan, ina ka samo gawayin nan?" ya ce. "Uwarka ta gani a jakarka ta ba ni. Ban taɓa dama tawada mai kyau irin ta yau ba."

Ya juye garin duka, ya dama da ƙaro. Ƙaro kuwa aikinsa mannewa. Raina ya ɓaci, amma wa zan yi wa faɗa? Aka wanke allon, ni na riƙe wa Baba ƙoƙon ya sha. Bai kai kaka ba ya rasu.

Malamina na jami'a ya kira sau biyu, daga nan ya daina. Gona da ƙanne suka dawo wuyana, ban koma ba.

Akwai abin da ban so tunawa game da na'urar nan: ko ba a taɓa ta ba, in aka ajiye ta, ƙwayoyin sulalewa suke daga farantin ɗaya bayan ɗaya, har ta zama fanko. Bana da muka gama sussuka, Inna tana kwasar totuwa za ta hura wuta, na ɗauki guda ina juyawa. Na yi ta ƙoƙarin tuna yawan zafin da nake ƙona ta da shi, na kasa.