Wasa Goma Sha Uku a Gidan Wasu

Shekara ashirin da biyu Odessa Tolliver ta yi tana aiki a wani ɗan ɗaki da ke ƙarƙashin zauren wasanni na Kwalejin Harlan-Webb, a garin Pinewell na jihar Mississippi. Asalin ɗakin ma'ajin ƙwallaye ne da tsofaffin riguna, aka kwashe su aka sa tebur huɗu da kwamfuta uku, ɗaya ba ta tashi sai an mare ta. Aikinta lura da karatun 'yan wasa: wa ya shiga aji, wa ya yi fashi, wa ke dab da faɗuwa. 'Yan wasan kwalejin sun haura ɗari biyu, ita kaɗai ce a kansu. Amma 'yan ƙwallon kwando su ne 'yan gaban goshinta, su ne kuma ciwon kanta.

'Yar mai kiwon tarwaɗa ce, ta tashi a bakin tafkunan kifi. Ta yi koyarwar lissafi a sakandare kafin ta dawo kwalejin, kuma muryar aji ba ta taɓa barin ta ba. Mijinta Cleophus ya rasu tun tana da sauran ƙuruciya, 'yarsu ɗaya tana aikin jinya a Memphis. Samari dogaye waɗanda sai sun sunkuya suke shiga ƙofar ofishinta, idan ta ɗago ido ta saman tabarau sai ka ga sun tattara ƙafafu. Mama T suke ce mata.

A cikin samarin farko da suka biyo ta hannunta akwai Wendell Pruitt. Yaro ne mai hannu a ƙwallo, amma lissafi ya sha masa kai har saura ƙiris a kore shi. Hutun bazara guda ta zaunar da shi a teburin cin abincinta, kullum sai ya yi shafi biyar kafin ta sa masa soyayyar tarwaɗa da burodin masara. Ya ci jarrabawar, ya gama, ya tafi ya ƙaro ilimi. Bayan shekaru ya dawo a matsayin daraktan wasanni na kwalejin. Ranar da aka gabatar da shi, ya nuna ta a cikin taro ya ce, "Ba don waccan baiwar Allah ba, da yanzu ina can ina lodin buhuna a bakin kogi." Ta sunkuyar da kai tana share ido. A ranta ta ce yau ɗanta ne a kan kujera.

Kwalejin ba ta da ƙarfi, wannan kowa ya sani. Shi ya sa duk farkon kakar wasa, watan Nuwamba da Disamba, ake tura 'yan ƙwallon kwando gidajen manyan jami'o'i. Su je a lallasa su a gaban 'yan kallo dubu goma sha, a biya kwalejin ladan zuwa, da wannan ladan ake riƙe sauran wasanni. Manyan suna samun nasara mai arha, ƙananan suna samun abin sawa a baki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ɗaya ɓangaren kuma hukumar wasannin kwalejoji ta ƙasa tana auna karatun kowace ƙungiya. Ɗan wasan da ya ci jarrabawarsa ya kuma zauna a makarantarsa yana kawo wa ƙungiya maki, wanda ya faɗi ko ya bar makaranta a faɗe yana jawo mata asara. Idan makin ya sauka ƙasa da layin da aka shata, sai a haramta wa ƙungiyar shiga babbar gasar watan Maris, wadda ita ce burin duk wanda ya taɓa riƙe ƙwallo.

A watan Mayu na shekara ta uku da zuwan Wendell, Odessa ta hau sama ofishinsa da takardu a hannu.

"Malama da kanki? Ai da kin aiko na sauko," in ji shi, yana janyo mata kujera.

"Zauna, Wendell. Duba nan. Muna kan layi, ko tsinke ba zai shiga tsakaninmu da shi ba. Bara wasa goma kuka kai yaran nan waje, na sha wuya kafin na tsamo su. In aka sake bana, mun faɗa rami."

Ya duba takardar, sannan ya ce, "Nawa kike ganin za su iya ɗauka?"

"Bakwai. Kuma ban da makon jarrabawa."

"Bakwai ɗin za a yi. Na ba ki kalmata, Malama. Ni da na san ɗanɗanon abin, ni zan jefa yara a wuta?"

Ta sauko da farin ciki, har ta tsaya a hanya ta sayi kek ɗin dankalin Hausa ta kai wa maƙwabciyarta.

A watan Agusta ta ga jadawalin wasannin, kuma ba a hannunsa ta gani ba. A jikin allon sanarwa ta tarar da shi, an manna kusa da tallan wankin mota. Ta sa yatsa ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Wasa goma sha uku, duk a gidan wasu, daga Texas har jihohin arewa masu ƙanƙara. Biyu a cikinsu sun faɗo tsakiyar makon jarrabawa.

Kocin ƙungiyar, Lamont Suggs, yana zaune a ofishin Wendell lokacin da ta turo ƙofa. Mutum ne mai son kwat da turare, wanda tun zuwansa idonsa yana kan babbar kujera a wani wuri.

"Wendell, bakwai ɗinka ce ta haihu ta zama goma sha uku?"

"Malama, ki zauna in yi miki bayani. Shugaban makaranta ya rage mana kason kuɗi. Rufin zauren nan yana yoyo, 'yan matan gudu ba su da motar zuwa gasa. Ina zan sa kaina?"

"Ka sa shi inda ka sa bakinka a watan Mayu. Me ya hana ka kira ni kafin ka sa hannu?"

Koci Suggs ya yi dariya ya ce, "Haba Mama T, yanzu fa zamanin waya ne. Su yi karatun a mota mana."

Ta juyo ta dube shi sama da ƙasa. "Koci, kai da ko takardar abinci sai ka tsayar da mota kake iya karantawa?"

Wendell ya danne dariya, ya raka ta har bakin matakala. "In abin ya ɓaci, ni zan tsaya. Ni na sa hannu, ni zan amsa. Ba zan bari ya taɓa ki ba."

Ta yarda. Abin da ya fi yi mata ciwo daga baya ke nan, cewa ta sake yarda.

Tun da ba ta iya hana tafiyar ba, sai ta bi su. Mace mai shekara hamsin da bakwai, da ciwon gwiwa, ta haɗa jaka ta shiga bas. Kujerar baya ta mayar aji. Tana riƙe da ƙaramin allo a cinya, motar na girgiza, tana koya wa wannan lissafi, tana duba wa wancan rubutu. A otal sai ta kame teburin karin kumallo kafin masu shara su kore su. Ta yi ta roƙon malamai ta waya su ɗaga wa yaran ƙafa, wasu suka ɗaga, wasu suka ce doka doka ce. A kwana arba'in da ɗaya, kwana tara kacal yaran suka shiga aji. Wasa ɗaya suka ci a cikin goma sha ukun.

A cikinsu akwai Jarvis Gholston, ɗan aji biyu, mai karatun haɗa magunguna. Ba shi ne ya fi kowa iya wasa ba, amma shi ne ba ya barci a mota. Wata rana da hantsi suna ratsa gonakin masara da ƙanƙara ta rufe, ya ɗago daga littafi ya ce, "Mama T, jiya kin ga ɗakin karatun 'yan wasan jami'ar da muka je? Bene uku. Na ƙirga malamai goma sha ɗaya, na ƙwallon kwando kaɗai."

"Na gani."

"Kuma mudu ɗaya ake auna mu da su?"

"Mudu ɗaya. Koma kan shafinka, ɗana, ba za a tambaye ka wannan a jarrabawa ba."

Jarvis ya ci duk darussansa. Amma huɗu suka faɗi. Biyu daga cikinsu suka tattara suka koma gida ba su dawo ba. Da kaka ta ƙare, wata babbar jami'a, ɗaya daga cikin waɗanda suka lallasa su, ta ɗauki Koci Suggs, don wai sun ga yadda yake tafiyar da yara a cikin wahala. Ya tafi da sauran biyun da faɗuwarsu a kansu, can aka gyara musu karatu.

Hukuncin bai zo nan take ba, sai da shekara ta zagayo. Wasiƙar hukumar ta ce an haramta wa Harlan-Webb gasar Maris ta kaka mai zuwa, an kuma rage mata lokacin atisaye. A lokacin babu ko mutum ɗaya a ƙungiyar daga cikin waɗanda suka faɗi. Kocin da ya ja tafiyar yana can yana cin duniyarsa da tsinke. Waɗanda suka rage su ne waɗanda suka yi karatu, da sababbin da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Kwalejin tana da damar ɗaukaka ƙara. Odessa ta kwana biyar tana rubuta nata bayanin: kwanakin da yaran suka yi a hanya, ajin da suka rasa ɗaya bayan ɗaya, wasa biyun makon jarrabawa. Ta miƙa wa Wendell hannu da hannu. Ya ce, "Madalla, Malama. Wannan shi ne zuciyar ƙarar."

Bayan mako biyu aka kira taro a zauren, da 'yan wasa da iyaye da tsofaffin ɗalibai da ɗan jaridar garin. Odessa tana layi na uku da hular zuwa coci. Wendell ya hau ya yi magana mai daɗi a kan tarihin kwalejin. Sannan ya gyara murya ya ce sun yi bincike, sun gano inda ɓarakar take. Ofishin kula da karatun 'yan wasa ya tsufa, tsarinsa na jiya ne, ya kasa bin yaran yadda ya kamata. Sun sanar da hukumar haka, sun kuma yi alkawarin kawo sabon jini. Jadawali ko sau ɗaya bai fito daga bakinsa ba.

Ofishin da yake faɗa mutum ɗaya ne, kuma kowa a zauren ya san ko wace ce. Ta ji idanu suna juyowa. Ba ta motsa ba har aka tashi.

Ta same shi a bayan zauren yana neman makullin mota.

"Ina takarduna, Wendell?"

"Malama, lauyoyi ne suka ce a cire. In muka rubuta cewa da saninmu muka yi wannan jadawalin, hukuncin ninkuwa zai yi. Dole a nuna musu an gyara wani abu."

"Sai ka duba duk makarantar nan, ba ka ga abin gyarawa ba sai ni."

"Ba korar ki za a yi ba. Za ki koma ofishin rajista, albashinki yana nan."

"Na tambaye ka albashi? An bar jaki ana dukan taiki, kuma kai ne ka miƙa sandar." Muryarta ba ta tashi ba. "A gaban iyayen yaran nan ka ce na kasa. Ni. Ka dube ni ka sake faɗa."

Bai dube ta ba. Ya ce, "Wata rana za ki gane."

"Na gane yau."

Hukumar ta karɓi bayanin, ta yaba da gyaran, ta dawo musu da lokacin atisaye. Haramcin gasar kuwa ta bar shi daram.

Ranar da take kwashe kayanta a kwali, Jarvis ya sunkuyo ya shigo. Ya shiga ajin ƙarshe ke nan. Saboda haramcin, doka ta ba shi damar komawa wata makaranta, kuma har biyu sun neme shi.

"Tafi, Jarvis," in ji ta. "Wannan ce shekararka ta ƙarshe. Kada ka biya abin da ba ka ci ba."

"Na tambaya, Mama T. In na koma, rabin darussana ba za su karɓa ba, sai na ƙara shekara. Ga babata ba lafiya, nan minti arba'in ne zuwa gida." Ya ɗaga kwalin ya saɓa a kafaɗa. "Abin da nake so in sani, mu da muka yi abin da aka ce, wa muka yi wa laifi?"

Duk shekarunta na koyarwa ba ta saba barin tambaya ba amsa ba. Wannan karon sai ta ɗauki jakarta ta riƙe masa ƙofa.

A kakar da ta biyo, Harlan-Webb ta yi ƙungiyar da ba ta yi irinta ba a shekara talatin. Jarvis ne kyaftin. Suka zo na ɗaya a rukuninsu, suka ci wasa goma sha biyar a cikin goma sha takwas. Da Maris ya zo, ƙungiyar da suka doke sau biyu ita ta tafi babbar gasar, su kuma suka kalla a talabijin ɗin ɗakin cin abinci. Odessa ba ta je wasa ko ɗaya ba a shekarar. A rediyon kicin take saurara, tana yi wa alƙalin wasa faɗa ita kaɗai.

Aka ɗauki mutum uku a madadinta, matasa masu takardu, aka ba su ɗaki mai taga a sama. Kafin shekara biyu Wendell ya samu kujera a wata jami'a a Georgia, kuma a cikin abubuwan da aka yabe shi da su har da gyara harkar karatun 'yan wasa. Lahadin ƙarshe kafin ya tafi ya zo cocinsu, ya tare ta a bakin ƙofa ya miƙo hannu. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Darakta," ta wuce. Tun da take ba ta taɓa kiran sa da wannan sunan ba.

Shekara uku ta ƙara a ofishin rajista tana buga hatimi a takardu, sannan ta yi ritaya. Jarvis ya gama, yana aiki a wani kantin magani a Jackson, kuma duk ƙarshen wata yana kiran ta ya tambayi gwiwar. Idan hira ta biyo ta kan kwalejin, takan yi magana a kan yaran ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka faɗi, ta san inda kowannensu yake da abin da yake yi. Idan wani ya ambaci Wendell Pruitt kuwa, sai ta tashi ta ce bari ta duba tukunya.