Yaya Mastan, Wa Zai Riƙe Mana Igiya?

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah ya karɓi ranka, Yaya Mastan Vali, a filin ɗaukar fim a Mumbai. Ina tsaye a ƙasa lokacin da ka faɗo.

Kai ka koya mana faɗa da tsalle a finafinan yaren Telugu na kudancin Indiya, mu da ake ɓoye fuskokinmu, mu diro a madadin jarumai. Ba ka taɓa ɗaura wa ɗayanmu igiya ba sai ka fara rataya da ita da kanka. Da na karye a ƙafa a Hyderabad, a gidanka na yi jinya. Maiɗakinka Shamshad Bi ta yi ta ɗura mini shinkafar biriyani, har ka ce, "Fakru, in ka ci gaba a haka, igiyar jirgin ruwa za mu nemo maka."

Da finafinanmu suka fara cika gidajen kallo a arewacin Indiya, masu fim ɗin yaren Hindi suka zo neman faɗa irin namu. Muka yi ta murna a jirgin ƙasa a hanyarmu ta zuwa Mumbai, ban da kai. Ka ce, "Can fa mai riƙe maka igiya ba ya jin yarenka."

Tsallen ranar nawa ne, daga saman gini. Ka hango ni a sama na kasa dirowa, ka ce, "Sauko, kamar ɗan akuyan da ruwa ya daka. Bari in gwada tukuna." Ka hau, ka diro. Na ji ka ƙwala ihu da Telugu cewa a riƙe. Samarin da ke kan igiyar Hindi kawai suke ji, suka ɗauka cewa ka yi a saki.

An ce mako mai zuwa za a koma aiki, kuma tsallen yana nan yana jirana. Mu yaranka muna zaune a masauki, ba mai iya haɗa ido da ɗan'uwansa. Ina ta bitar kalmar "riƙe" da Hindi, ina tsoron kada ta ɓace mini ina sama.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka makwancinka. Shamshad Bi, da ke da Rizwana 'yarsa, Allah ya ba ku haƙuri da dangana. Mu da za mu hau, Allah ya sauko da mu lafiya.