Baiwata Ce

Ina da shekara goma ranar da na ce wa 'yan ajinmu Kaka 'yar aikin gidanmu ce. Yau na haura arba'in, amma in na tuna sai in ji kamar in wanke bakina da sabulu.

A unguwar Nakkasa ta ƙasa mai tsarki aka haife ni, can saman dutse inda mota ba ta kaiwa, sai dai mutum ya bi matakala yana haki yana tsallake ruwan wanki. Kaka mahaifiyar babana ce, kuma ita kaɗai a gidan aka haifa a ƙasar Hausa. Tana amarya suka zo aikin Hajji ita da mijinta daga wani ƙauye kusa da Kano, suka zauna ba su koma ba. Mu jikoki da Larabci muke karatu, da shi muke wasa, da shi muke faɗa. Hausarmu 'yar tsintuwa ce daga bakinta: sunan abinci, aike, da zagi. Yaran maƙwabta suna ce wa kakanninsu Sitti. Sau ɗaya na gwada kiranta haka, ta ce in na ƙara zan ga yadda ake cire haƙori ba likita.

Daddawa take yi ta sayarwa. Alhazai ke kawo mata kalwa duk shekara, ta dafa, ta rufe a buhu kwana uku a saman rufi, warin ya sauko ya shiga labule da katifa da rigar makarantata. Na tsani warin nan kamar me. Kafin in fita sai na fesa turaren Ummi, wato mahaifiyata, har sau biyu, don akwai wata yarinya a ajinmu, Nuf, mai shegen hanci, wadda ta taɓa tambaya da ƙarfi ko ɓera ne ya mutu a jakar wata.

Rannan Ummi tana asibiti ta haifi ƙanwata, Baba yana wajenta, sai aka ce Kaka ta ɗauko ni. A makarantarmu in an tashi a tsakar gida muke tsayawa, mai gadi ya riƙa kiran suna da lasifika. Kaka ba ta san da wannan ba, ko ta sani ba ruwanta. Sai kawai ta turo kai ta ƙofa, da zanin atamfa da jan mayafi a tsakiyar mata masu baƙar abaya, ga tsagar fuska, ga haƙora sun rine da goro, tana ƙwala kira: "Ke Ramlatu, fito mu tafi, rana na dukana." Nuf ta dube ta, ta dube ni, ta tambaye ni wace ce wannan. Na ce, "Shaggala." 'Yar aiki ke nan. Ban ko yi tunani ba, kalmar ta fito sumul kamar na daɗe da tanadinta.

Tsakanina da Kaka bai fi taku uku ba. Ta karɓi jakata ta ɗora a ka, muka kama hanya. Kullum in muna tafiya ita ce a gaba ina binta da gudu-gudu, amma rannan bayana ta koma, in na rage sauri ita ma ta rage. Duk tsawon matakalan nan abu ɗaya nake juyawa a rai: ta ji ko ba ta ji ba? In ta ji, ta gane? Na yi ta lallashin kaina cewa Larabcinta na kasuwa ne, bai wuce ciniki da gaisuwa ba. Na dai san in ta ji zan sani da yamma, domin Kaka ba ta faɗa da rana, a cikin tatsuniya take yanka mutum.

Lokacin sanyi ne. Bayan Magariba Kaka takan hau saman rufi ta hura gawayi a kasko, ta ɗora butar shayi, ta zuba gyaɗa a gefen toka. Mu shida ne ko bakwai, har da 'ya'yan Gwaggo Asabe, ƙanwar babana, wadda take zama a gefe tana tsintar shinkafa tana yi kamar ba ta saurare. Daga can sama kana hango hasken Harami, a ƙasa kuma unguwa tana ta hayaniyar yara da ƙarar tukwane. Zaman gajere ne, da an kira Isha'i an tashi. Babu abin da nake so a duniya kamar wannan zama, kuma na faɗa ne don kada a ɗauka ba na son Kaka. Ina sonta ƙwarai, amma a cikin gida.

Ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe da ƙafarta, mai gyangyaɗi ta taka shi." Muka ce ta iso, mun share mata wuri. Sai ta ce yau ta Mai Kujerar Tagulla za a yi.

Mun san Mai Kujerar Tagulla. Sarauniya ce ta zamanin da, tun kafin bindiga ta shigo ƙasar Hausa, kuma Kaka ba ta taɓa faɗin sunanta na yanka ba. Mun sha jin yadda mijinta sarki ya mutu ya bar ta da 'ya'ya maza biyu ƙanana, ta hau kujerar ta ce riƙo za ta yi musu, ta riƙe shekara talatin. Mun san yadda hakimai suke layi a ƙofarta da safe kafin su leƙa wajen babban ɗan, da yadda ya yi ƙorafi ta naɗa shi sarkin yaƙi ta tura shi bakin iyaka, inda sauro ya fi abokan gaba yawa. Ƙaramin kuwa ta cika shi da nama da mawaƙa har ya kasa hawa doki. 'Ya'yanta mata uku suna gidajen sarakuna uku, kowace da tsohuwar da ke kawo wa uwar rahoto. Birane goma sha biyu suna aiko mata da gishiri da dawaki. A da, in Kaka tana ba da labarinta har wani ɗaga kai take yi, mu 'yan mata mu naɗa tawul a ka muna sarauniya.

Rannan kuwa da wata murya ta fara, kamar mai tauna abu mai ɗaci. Ta ce akwai abin da ba ta taɓa gaya mana ba: sarauniyar tana da uwa. Mutanen birni sun ɗauka jinin sarakunan gabas ce, don haka ta gaya musu, har ta sa maroƙa suka haddace mata kakanni bakwai da ba a taɓa haifa ba. Alhali uwarta tana nan da rai a wani ƙauye, daddawa take yi. Ita ta tauna mata tuwo tana jaririya, ita ta sayar da akuyarta ɗaya tak ta saya mata zanin da sarki ya fara ganinta da shi.

Da tsohuwar ta ji ƙarfi ya fara ƙarewa, sai ta ƙunsa daddawa a ganye, ta yi tafiyar kwana arba'in a ƙasa don ta ga 'yarta da jikokinta. Ta iso ranar da fada ta cika da baƙi daga manyan ƙasashe. Dogarai suka tare ta, ta kutsa, ta tsaya tsakiyar fada ƙafa duk faso, ta kira sarauniya da sunan da take kiranta tana yarinya. Babban baƙon ya toshe hanci, ya dubi tsohuwa, ya dubi sarauniya, ya ga goshi iri ɗaya. Ya ce, ranki ya daɗe, wace ce wannan?

Kaka ta tsaya a nan, ta juya gawayi da cokali. Sannan ta ce, "Sai 'yar nan ta buɗe bakin da aka shayar, ta ce, baiwata ce." Ta kau da kai ta tofar da yawu, ta ce tir. Ta ce daga ranar aka sa wa tsohuwa ƙarfe a ƙafa, aka ba ta ɗaki a bayan na sarauniya, ba ta ƙara fita daga gidan ba har ta mutu. Jikokinta suna wucewa ta gabanta kullum ba su san ko wace ce ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Sai ta ɗago ta dube ni, ni kaɗai. "To Ramlatu, ke ce mai makaranta. Me kika gani?"

A nan Hausata 'yar tsintuwa ta kashe ni. Baiwa ɗaya na sani a duniya. In na kawo hadda ba kuskure, Kaka takan ce yarinyar nan Allah ya yi mata baiwa, kuma na taɓa tambayar Ummi ta ce mini kyauta ke nan daga Allah. Saboda haka abin da na ji shi ne, sarauniya ta tashi a gaban manyan baƙi ta ce wannan tsohuwa kyauta ce Allah ya ba ta. Ƙarfen ƙafa na ɗauka irin na ado ne da amare ke sawa. Ɗaki kusa da nata kuwa, ai gata ne. Tofar da yawun ma goro na ɗora wa laifi. Wani sanyi ya ratsa ni, na ce ashe ba ta ji ba, ga shi ma labarin 'ya ta gari take yi mana. Na washe baki na ce, "Wallahi ta kyauta, Kaka. Ni ma in na girma haka zan yi miki."

Sauran yaran ba su fi ni Hausa ba, kuma hankalinsu yana kan gyaɗa. Gwaggo Asabe ce ta ajiye faranti ta buɗe baki, Kaka ta ɗaga mata hannu. Ta daɗe tana kallona. Ba ta rufe tatsuniyar yadda ta saba ba, sai ta ce a kwashe gyaɗa kada ta ƙone. Aka kira salla, na sauka ina tsalle.

Kaka ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Ban taɓa neman gafararta a kan maganar ba, don a ganina ba ta san an yi ba, tono shi ma ɓarna ne. Ta rasu, aka rushe ɓangarenmu na Nakkasa, muka watse, Gwaggo ta koma unguwar Ka'akiyya. Ni kuma Hausata ta ɗan yi ƙwari, har nake samun aikin tafinta lokacin Hajji a wani masaukin mata a unguwar Aziziyya.

A nan ne wata tsohuwa Bakanuwa ta tare ni tana neman inda ake hawa motar Harami. Ta ce, "Baiwar Allah, taimaka mini." Na yi dariya na gode mata, na ce ban kai a kira ni kyautar Allah ba. Ta dube ni kamar ta ga akuya da tabarau. Sannan ta zaunar da ni ta yi mini karatu: akwai baiwa, murya a miƙe, ita ce kyauta, akwai kuma baiwa, murya ta hau ta gangaro, ita ce macen bawa, wadda ake saye ake sayarwa. Ta maimaita su sau uku tana kaɗa yatsa, tana jin daɗi ta samu ɗaliba. Ni kuwa tun a karo na biyu na daina jinta. Muryar Kaka nake ji a gaban kasko, ta hau ta gangaro.

Na raka ta har mota, na dawo. Da La'asar na nemi izini na tafi Ka'akiyya. Na tarar da Gwaggo ta miƙe ƙafa gaban fanka tana jan carbi. Ban gama gaisuwa ba na tambaye ta ko Kaka ta ji abin da na faɗa a ƙofar makaranta. Ta ce wace irin tambaya ce wannan? Matar da ta yi wankau a gidajen mutane kafin ta kama daddawa, ita za a ce ba ta san shaggala ba? Da sunan aka kira ta shekara tara.

Na ce, "To me ya sa ba ta gaya mini ba? Ke ma me ya sa kika yi shiru, Gwaggo?"

Ta ce, "Hana ni ta yi, ya binti, 'yata. Ta ce maganar ƙofar makaranta ta yafe tun a hanya, yarinta ce. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne, ta yi miki faɗa iya ƙarfinta da harshenta, ke kuma kin yi mata godiya. Ta ce a bar ki, ranar da Hausarki ta kai, da ƙafarki za ki zo."

Ga shi na zo, amma na tarar da Gwaggo kaɗai. Waɗanda na taɓa ba wa labarin nan sukan ce ai ta yafe, mene ne na damun kai. Na sani, kuma bai rage mini ƙyamar kaina ko kaɗan ba. A da na ɗauka darasin shi ne kada mutum ya ji kunyar nasa. Yanzu ina ganin akwai abin da ya fi wannan muni, wato naka ya yi maka magana da duk abin da ke cikinsa, kai kuma kana murmushi domin ba ka da kunnen ji. Sarauniyar ko ba komai ta san abin da ta faɗa, kuma sau ɗaya ta faɗa.

Ni kuwa sai da zan tashi Gwaggo ta tuna mini abin da na so in manta. Tun daga yammacin nan, wannan tatsuniya ta zama wadda na fi so. Duk shekara in sanyi ya shigo aka hura gawayi, ni ce mai cewa, Kaka, a yi mana ta baiwa. Ita kuma ba ta taɓa ƙi ba. Sai ta ɗauko ta tun daga farko, da akuyar, da tafiyar kwana arba'in, da baƙon da ya toshe hanci, idonta a kan fuskata. In ta zo kan kalmar sai ta rage sauri, ta ja ta a hankali yadda ko jariri zai ji gangarowar, sannan ta ɗan dakata. Ni a lokacin cewa nake a raina, Allah sarki, tsufa ya fara kama harshen Kaka.