Tsinuwar Gwaggo Tabawa

Duk wanda ya taɓa cin wainar Gwaggo Tabawa a Gyaɗi-Gyaɗi, to ya sha tsinuwarta, kuma ga mu nan da ranmu. Yayar babana ce, ita ta riƙe ni. Da ka ɓata mata rai za ta ɗaga cokalin juya waina kamar sandar boka a fim, ta zare ido: "Zumbur kalankasa! Ka zama gwangwanin madara!"

A finafinan bokaye da aljanu ta koyo salon, kalmomin kuwa ita ta ƙera abinta. Sai dai tana da doka: rana ba ta faɗuwa da tsinuwa a kan mutum. Kafin magariba sai ta nemo ka, ta cusa maka waina a baki, ta ce, "Na kwance."

Liman ya taɓa yi mata nasiha. "Hajiya, wannan fa shirme ne."

"Shi ya sa nake yi, Malam. Bakin babba ba ya faɗuwa ƙasa banza. So kake in yi ta gaske?"

Malam ya karɓi wainarsa ya yi gaba.

Wata rana wani ɗan adaidaita ya watsa mata ruwan kwata. Ta ce ya zama agwagwa, shi ko ji bai yi ba, ya ƙara wuta. Wallahi matar nan ta bar tanda a kan murhu, ta ƙulla waina a leda, ta yi ta cigiyarsa har kasuwar Tarauni. Da ta same shi ya ce, "Inna, wace tsinuwa kuma?"

"Buɗe baki, ɗan nema! Ba ka ga tafiyarka ta fara canjawa ba?"

Da hawan jini ya matsa mata, likita ya hana ta zama gaban wuta. Ta ƙi ji, ni kuwa na ɓoye tandar. Da safe ta tare ni a zaure, ina riƙe da hannun 'yata, gemuna har da furfura. "Zumbur kalankasa! Ka zama tanda, a yi ta gasa ka!" Na fita ina dariya.

Da azahar aka kira ni, ta faɗi. Ɓarin jiki ya shanye, magana ta ɗauke.

A asibiti ta ƙi kwanciya. Ta dubi taga, ta dube ni, hawaye na zuba. Aka ba ta ruwa ta kau da kai, aka gyara filo ta ture. Da na ga rana ta yi ja, sai na tuna dokarta. Na ruga bakin titi na sayo waina.

Ta ƙare wa wainar kallo, ta harare ni, don ko makaho ya san ba ta kai tata ba. Sannan ta ɗaga hannun da ya rage mata, ta cusa mini a baki. Leɓenta ya motsa, ba sauti. Na ce, "Na ji, Gwaggo." Ina tauna ina kuka kamar yaro. Sai a lokacin ta yarda ta kwanta.

Ba ta ƙara magana ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ya Allah, baiwarka ba ta taɓa bari rana ta faɗi da nauyinta a kan kowa ba. Ka kwance mata nata, ka haskaka kabarinta. Amin.