Shi da Littafi, Ita da Riga

Desmond Pascoe ya daɗe da barin aikin yankan tikiti a jirgin fito na garinmu, amma yarinta ba ta sake shi ba. Falonsa cike yake da tsofaffin littattafan yaran nan, waɗanda a cikinsu 'yan makaranta ke zuwa hutu bakin teku da karensu, kafin a koma aji sun kama 'yan fasa-ƙwauri a kogo. Ko fasto ne ya zo gaisuwa, sai ya wanke hannu kafin ya taɓa.

Guda ɗaya ya rage masa a jerin, bugun farko. Wata Asabar ana gwanjo a coci, sai ga shi a kan tebur kusa da tsohuwar butar shayi. Desmond ya kai hannu. Morwenna Trewin, bazawarar da ke sayar da kek a bakin tasha, ita ma ta kai. Kowa ya ja. Littafin ya zame ya bi Desmond, rigar takardar da ke lulluɓe da bangon ta tsaya a hannun Morwenna.

"Baiwar Allah, sakar min rigata."

"Rigarka tana jikinka, tsoho. Wannan tawa ce."

"Me za ki yi da riga ba littafi?"

"Kai me za ka yi da littafi tsirara? Ni ma tun ina 'yar firamare nake nemansa."

Mai gwanjon ta gaji da su, ta ce kowa ya tafi da abin da ya kama.

Desmond ya yi fushi, ya ɗauke ƙafa daga shagonta. Amma kullum ya dubi kantar littattafansa, littafin yana tsaye tsakanin 'yan'uwansa kamar wanda aka koro daga wanka. Ranar wata Lahadi ya naɗe shi a tawul, ya ƙwanƙwasa ƙofarta.

"Gwadawa kawai za mu yi, mu ga ko rigar ta yi masa."

"Shigo, shayi ya yi sanyi kana ta shawagi a titi."

Gwajin ya zama na kowace Lahadi. Ita ke karantawa da ƙarfi, tana kwaikwayon muryar ɓarayi, shi yana ta "A hankali da shafin, Morwenna!"

Bara suka yi aure. Littafin yanzu yana kicin da rigarsa, har da ɗan tabon man shanu a babi na uku. Da na nuna masa, Desmond ya kalle ni ko gezau, ya ce ai bugun farko duk haka suke zuwa.