Manyan Albasa a Bakin Buhu

Na daɗe ina cika buhun albasa a rumfar yayana a Aliero. Aikin ba wuya: ƙanana da matsakaita a ciki, manya masu sheƙi a baki, sai a ɗinke. Haka kowa ke yi, amma ni kaɗai abin ke ci wa rai. Ko salla na tayar sai bakin buhu ya faɗo mini, in riƙa tambayar kaina ko tuwon da iyalina ke ci halal ne.

Wata ranar kasuwar Jega na kasa daurewa. Na cika buhu shida yadda albasar ta zo hannuna, ban zaɓi komai ba. Ban gaya wa Yaya ba, don na san zai hana.

Da muka kai su Jega, masu saye suka riƙa leƙawa suna wucewa. Can wani dattijo daga Maiyama, wanda ya saba saye a wurinmu, ya tsaya ya ce wa Yaya, "Alhaji, in wagga ce sama, mi ke ƙasa? Tsakuwa?"

Yaya ya juyo ya dube ni. "Liman, aikinka ne ko?"

Na ce nawa ne. Ya yanke ɗinkin buhu ɗaya ya zazzage a ƙasa, manya suka gangaro daga tsakiya. Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki. "Tun da nike sayen albasa ban taɓa ganin mai ɓoye manya ba!" Ya ɗauki buhu biyu. Huɗu suka yini a rana, muka koma da su.

A mota na zauna ina jiran a sallame ni, ina tunanin abin da zan gaya wa mai ɗakina. Sai Yaya ya ce, "Ba wanda muke cuta. Mai saye ya san baki baki ne."

Na ce, "To Yaya, in kowa ya sani, don mi ake yi?"

Ya ce, "Mutum na son a fara nuna mishi mai kyau, ko da ya san sauran."

Karatuna bai wuce firamare ba, amma na sha juya maganar nan. Ni ma in aka tambaye ni lafiya, lau nake cewa, ko raina a jagule yake, mai tambayar kuma ya sani. Wataƙila da haka muke iya zama da juna. Ban dai tabbata ba.

Bai kore ni ba. Ya mayar da ni rudu, rumfar karan da ake ajiyar albasa, in riƙa tsince ruɓaɓɓu kafin su shafi sauran. Ya ce can ne yawan bincikena zai yi amfani. Yanzu sallata ta fi natsuwa, ko da yake wani lokaci nakan tuna cewa manyan da na tsirar, wani ne ke jera su a baki.